Ranar da Kuloko Ya Ƙi Kamawa

Da babanmu ya rasu aka zo rabon kayan aikinsa, yayana ya ɗauki rumfar kasuwa da fatun da ke cikinta, ni kuma na ce a ba ni tukunyar kuloko. Dangi suka ce na yi wauta, ni kuwa a raina gani nake na fi shi rabo. Kuloko, ga wanda bai taɓa zama a rumfar dukawa ba, shi ne ruwan da muke baƙanta fata da shi. A ido ba baƙi ba ne, ruwa ne mai ɗan duhu-duhu, warinsa kamar na nonon da aka manta a ƙwarya. Kashin maƙera, wato ɓarɓashin ƙarfen maƙera, ake zubawa a tukunya, a bi shi da ruwan tsami da ɗan zuma, a rufe a bar shi ya yi kwanaki. In ya nuna ka ja shi a kan fata, kafin ka kai ƙarshen zane farkonsa ya koma baƙi ƙirin. Tukunyarmu ba a taɓa juye ta ba. In ruwa ya ja baya a ƙara, in ƙarfe ya cinye a ƙara, amma tsohon ruwan yana nan a ƙasa, shi muke kira uwa. Baba ya ce daga hannun nasa uban ya karɓe ta, ni kuma na yarda har cikin raina cewa baƙin gidanmu daga wannan uwa yake fitowa.

Wannan ya faru ne bayan Nasara sun kwashe manyan ofisoshinsu daga Damagaram sun koma yamma, kasuwa ta yi sanyi, dukawa suka fi masu saye yawa. Rumfa ɗaya ba ta ɗaukar maza biyu masu zafin kai, sai na ce zan tafi Damargu, inda aka ce gero ya yi yawa, makiyaya kuma kullum suna neman mai ɗinka musu takalmi da kube. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da mata ɗaya, da jakai biyu.

Matata 'yar masu jima ce. A Damagaram wannan ba abin da baduku yake faɗa da ƙarfi ba ne, domin mu muna ganin mun fi su. Su ne masu wari, masu kwaɓa da kashin kaji da ruwan toka a bayan gari, mu ne masu zane da ado. Shekara da shekaru Baba yana aikena karɓo fata a gidansu, amma ban taɓa wuce bakin ƙofa ba. Nakan tsaya ina toshe hanci da hannun riga, ita ta miƙo mini ƙunshin fatun tana dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar nan ce ta kai ni na nemi aurenta, gwaggonnina suna ta yatsina fuska. Ba ta da yawan magana, amma tana da wani irin kallo da in ta yi maka shi sai ka sake duba abin da ke hannunka.

Kwana shida muka yi a hanya muka sauka Ollelewa, wani manomi ya ba mu aron bukka da ɗan fili a gefen rumbunansa. Na kafa rumfar zana, na jera basilla da aska da ƙarfen zane, na ajiye tukunya a inuwa na rufe ta da faifai. Fata ce ba ni da ita, sai an ci kasuwa, kasuwar kuma da saura. Na yi sati biyu ina gyaran tsofaffin takalma da igiyar guga, ina jin kunyar kaina.

Wata safiya wani dattijo ya yi sallama. Maharbi ne a da, yanzu ya ajiye baka, yana shirin bin ayarin masu tafiya gabas zuwa Makka da ƙafa, da zarar an gama ɗaure gero. Ya kwance wani ƙunshi ya fito da fatar barewa, fara sol, mai laushi kamar tsohon zane. Ban taɓa riƙe irinta ba.

Ya ce, "Ɗana, an ce kai mutumin Damagaram ne, baduku ɗan baduku. Wannan ita ce barewar ƙarshe da na harba, da hannuna na gyara ta. Gafaka nake so ka yi mini ta Alƙur'anina, fara da baƙin zane irin naku na birni. Ranar Juma'a za mu tashi."

Na ce, "Baba, ka zo gidan baƙin zane. In ka ga wanda ya fi namu tsakanin nan da Makka, ka dawo ka faɗa mini."

Ya yi murmushi ya ce Allah ya sa, ya tafi. Har yanzu in na tuna wannan cika baki nakan ji kunnuwana sun yi zafi.

Na auna fatar, na yanka, na zana layukan marfin gafakar da bayan aska. Na buɗe tukunya da bisimilla, na tsoma ƙarfen zane, na ja layi na farko. Na jira. Layin ya jiƙe, ya bushe, ya bar wani rawaya-rawaya kamar na tsatsa a tsohuwar garma. Na ce watakila ban motsa tukunyar ba, na motsa, na sake ja. Haka. Na ja na uku da na huɗu har na zagaye marfin, kowane layi yana yi mini dariya da launin tsatsa. Nan fa ido ya raina fata.

Gaskiya ba dattijon ne ya fara zo mini a rai ba, tukunyar ce. Abin da ya rayu a hannun kakana, ya rayu a hannun Baba, ni ko wata biyu ban yi da shi ba na kashe shi. Na ce ko zafin hanya ne, ko girgizar jaki, ko kuwa uwar ba ta son barin garinta. Na tuna yadda dangi suka ce na yi wauta, na ga yayana yana jin labari yana kaɗa kai. Ranar ban ci tuwo ba. Matata ta ajiye akushi a gefena, ta dubi marfin gafakar, ta dube ni, ta ɗauke akushinta ta koma.

Kashegari na tashi da dabara. A sana'armu in za a rina fata ja, da karan dafi ake yi, shi kuma karan dafi ba ya sakin jansa sai an jefa masa kanwa. Na sha ganin ruwa ya tashi daga ƙasa-ƙasa ya koma ja wur da ɗan gutsuren kanwa. Sai na ce abin da ya tayar da ja ai zai tayar da baƙi. Na samo dunƙulen kanwa, na daka ta, na cika tafin hannuna, na durƙusa gaban tukunya na ɗage faifai.

Ban ji tafiyarta ba. Sai dai na ga tafin hannu ya rufe bakin tukunyar.

A gidanmu mace ba ta taɓa tukunyar kuloko. Ko mahaifiyarmu in tana shara kewaye ta take yi, domin an ce hannun mace yana tsinka shi. Matata ta san da haka sarai. Zuciya ta ɗebe ni, na ce mata ta janye hannunta tun kafin raina ya gama ɓaci.

Ta ce, "Maigida, in ya mutu ai hannuna ba zai ƙara masa komai ba. In kuma da ransa, kanwar nan ce za ta kashe shi. Ɗebo kaɗan a ludayi ka gwada, ba sai ka zuba wa uwar ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma janye hannun ba. Na ɗebo a ludayi don dai in kunyata ta, na barbaɗa kanwa. Nan take ruwan ya tsinke, ya yi guda-guda kore-kore, ya kwanta a gindin ludayi kamar taɓo, gefensa ya fara komawa tsatsa. Ruwan sama ya zama ruwa kawai. Na dubi tafin hannuna da ke cike da kanwa. Da ta makara da numfashi biyu, da haka duk tukunyar ta koma.

Ta ce in cire takalmina. Na cire, ban ma tambaya ba. Ta ce in ɗiga kulokon tukunya a cikin maɗaurinsa, inda ba a rina ba. Na ɗiga. Kafin in miƙe tsaye ɗigon ya zama baƙi ƙirin, irin wanda na saba gani tun ina rarrafe a rumfar Baba. Kwana guda cur ina makoki, alhali amsar tana ƙafata.

Na ce, "To me ya hana shi kama wannan?"

Ta ɗauki ragowar fatar barewar, ta shinshina, sannan ta ɗora harshe a kanta, abin da ban taɓa ganin wani baduku ya yi ba. Ta ce, "Babu bauri. Wannan ba ta sha bagaruwa ba. Tsohon nan da toka ya tuɓe gashin, ya shafe ta da ƙwaƙwalwa da man shanu ya yi ta murza, haka maharba suke yi, shi ya sa ta yi fari da laushi. Fatar da kake karɓowa a gidanmu kwana da kwanaki take a ruwan bagaruwa har ta ƙoshi."

Na ce, "Ina ruwan bagaruwa da baƙi? Bagaruwa jima take yi. Baƙin a cikin tukunya yake."

Ta ce, "Ka leƙa tukunyar, Maigida. Ka ga baƙi?"

Tun ina yaro nake leƙa ta ban taɓa ganin baƙi a ciki ba, ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ta yafa mayafi ta nufi bakin tabki inda itatuwan bagaruwa suke, ta dawo da busassun 'ya'ya cike da haɓar zane. Ta daka su, ta sheƙe ƙwayayen, ta jiƙa garin a ruwan ɗumi har ya yi launin shayi mai ƙarfi, ta tace da tsumma. Ina zaune ina kallo kamar baƙo a rumfata. Ta jawo marfin gafakar nan da na ɓata da layukan tsatsa, ta tsoma gashin kaza a ruwan bagaruwa, ta bi layi ɗaya a hankali. Ko kusa da tukunyata ba ta je ba. Layin ya yi duhu, ya yi shuɗi-shuɗi, sannan ya rufe baƙi. Ta bi na biyu, shi ma haka. Zanen da na yi jiya na ɗauka ya mutu, ashe yana kwance ne yana jira.

Ta ce, "Naku ƙarfe ne, hannu ya miƙo. Bagaruwa ce mai sa masa abu a hannun. Kanwa ma tana sa masa, amma ita in ta cika masa hannu sai ya nutse ya zama taɓo, ba shi da sauran wurin karɓar na bagaruwa."

Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce babu wanda ya zaunar da ita. A gidansu ba a barin ko allura kusa da kwatanniyar jima, in wuƙa ta faɗa ciki duk fatun sai su fito da baƙin tabo, ta sha duka a kan haka tana yarinya. Abin da su suke gudu shi ne mu muke sayarwa. Ta faɗi wannan tana wanke gashin kazarta, kamar wadda ke ba da labarin farashin kuka. Ban taɓa ganin mutum ya san abu har haka ya kuma riƙe shi da sauƙi haka ba, kuma a ranar na ji tsoronta kaɗan, na kuma ji ta ƙara shiga raina.

Bayan shekaru masu yawa, ita ta riga ta rasu, jikana da ya zama mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, yana koyar da kimiyya, ya zo hutu ya tarar da ni ina jiƙa bagaruwa. Na ba shi labarin nan don in nuna masa akwai abin da ba ya cikin littafinsa. Ɗan banzan ya ce yana ciki. Ya ɗauki tsinke ya yi ta zane a ƙasa. Ya ce kowane abu yana da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna kiransu elektaron, kuma biyu-biyu suke zama. Wani abin yana da biyun da ba sa aikin komai, wani kuma yana da gurbi babu kowa a ciki. In sun haɗu, mai biyun nan ya miƙa, mai gurbi ya karɓa, sai su ƙulle. Mai miƙawa suna ce masa baz, mai karɓa suna ce masa asid, kuma aikin ɗalibi shi ne ya gane wane ne wane.

Na ce, "To a nawa aikin wane ne asid? Ruwan tsami ko?"

Ya ce, "A nan ɗalibaina ma suke faɗawa rami, Kaka. Shi ma asid ne, amma aikinsa kawai ya narkar da ƙarfe ya riƙe shi a ruwa. A wurin baƙin, ƙarfen ne asid, ko da yake ba shi da tsami a baki, domin shi ne mai gurbi. Bagaruwa ce mai biyun. Kanwa kuma ta fi ta gaggawar bayarwa, shi ya sa take riga ta."

Na tambaye shi yaushe Nasara suka gano haka. Ya ce wajen shekarun da nake ba shi labari. Na ce masa to sun yi ƙoƙari, sun kusa kamo kakarsa. Ya yi ta dariya yana cewa tsoho ya rikice, ni kuwa da gaske nake.

Gafakar dai mun gama ta ranar Alhamis. Ita ta murje fatar da dusa don ta tsotse man, ta bi kowane layi da ruwan bagaruwa sau uku tana shanyawa a inuwa, ni na bi bayanta da kuloko. Farin ya tsaya fari, baƙin ya zauna daram. Dattijon ya juya ta a hannu ya daɗe yana dubawa, ya sa Alƙur'aninsa ya ga ya shiga daidai. Ya tambaye ni ina na sami irin wannan baƙi. Na ce masa kulokon gidanmu ne, tun na kakana, uwarsa ba ta taɓa mutuwa ba. Matata tana bayan zana tana surfe, ta ji ni sarai, taɓaryarta ko sassautawa ba ta yi ba. Daga wannan gafakar sunana ya fita har Belbeji da Tanout, kuma duk wanda ya tambaye ni amsar da nake ba shi ke nan.

Haka muka zauna sama da shekara ashirin, har babban ɗanmu ya ƙware, ya yi aure, ya ce zai je Tanout ya kafa tasa rumfar. Da safen da zai tafi na sa aka kawo sabuwar tukunya, na ɗebi uwa na zuba masa, na tsaya ina yi masa jawabi: wannan ruwan kakan ubanka ne, ɗigo ɗaya bai taɓa yankewa ba, ka san abin da ka ɗauka. Ya amsa da ladabi, ya fita ɗaure kaya a kan raƙumi.

Uwarsa tana zaune bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. A hanyarmu ta zuwa, kwana na uku, ka tafi rijiya shayar da jakai, na ga mangala tana ɗiga. Tukunyar ta tsage a gindi, ruwan Baba duk ya tsiyaye cikin rairayi, sai ƙarfen kawai. Na liƙe tsagar da ƙaro, na karɓi ruwan tsamin nono wajen matan Fulani, na sa sauran zumarmu, na rufe. Da muka sauka kullum ina gwada shi a kan takalmina in ka fita, har ya nuna."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Kwana arba'in ɗin Baba bai daɗe da wucewa ba. Na ga ruwan nan kaɗai ka fito da shi daga gida."

Na zauna a kan turmi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, na ji kamar an sake yi mini rasuwa. Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Ita ta ci gaba da tsince wakenta. Shekara ashirin tana jina ina cika baki da ruwan kakana a gaban baƙi, tana kawo musu fura.

A waje raƙumi ya yi kuka ya miƙe. Na tashi na fita ba takalmi, na cim ma yaron ya riga ya kama akala. Na ce ya dakata, akwai gyara a maganar da na yi masa ɗazu. Na dafa tukunyar da ke ɗaure a gefen sirdi na ce, "Wannan na uwarka ne. Ka riƙe shi da kyau."